Gudumar Kawu

Shekara ashirin da uku kawuna ya yi a bakin murhun masana'antar tankin ruwa. Ana zuba garin roba cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe, ta yi ta juyawa a wuta har garin ya narke ya lulluɓe bangonta. Bai yi boko ba, amma ya san gari. Mai saurin malala in ya narke, na ƙananan kaya ne. Babban tanki sai mai nauyin jiki, shi ke jure ruwa.

Duk tankin da ya huce, Kawu zai ɗauki faifan da aka yanke daga bakinsa, ya ɗora kan ƙarfe, ya sakar masa guduma. In ya lanƙwashe kawai, tanki ya wuce. Shi ya sa ake ce masa Baba Guduma.

Wata uku da fara aikina a ɗakin gwajin masana'antar, sabon manaja ya kawo sababbin buhunan gari. Lambar malalar da ke jikinsu bakwai ce, ba uku da muka saba ba, wato mai saurin malala ne. Garin na dahuwa da wuri, tankuna na fitowa sumul. Kawu ya saki guduma, faifan ya tarwatse kamar tangaran.

"Ranka ya daɗe, wannan ba tanki ba ne, ƙwai ne."

"Tsoho, ruwa za a zuba masa, ba guduma ba," in ji manaja. Aka yi dariya.

Tankin farko da aka kafa a wani gida, mako biyu ya yi ya tsage. Ruwa ya kwashe wani mai gyaran famfo daga kan tsani, ya maka shi da bango, ƙugunsa ya karye. Manaja ya ce laifin masu kafawa ne. Sauran goma sha biyu na tsakar fili, washegari za a kai su rufin wani asibiti.

Da hantsi na ji ƙarar guduma. Ta taga na hango Kawu ba riga, yana bin tankunan ɗaya bayan ɗaya, kowanne bugu biyu ya buɗe. Yana kan na tara masu gadi suka rufe shi da kulake. Ɗaya ya take masa hannun dama, wani ya sauke masa kulki a kan yatsu. Jini ya rufe masa ido. Ya miƙe, ya ɗauki gudumar da hagu.

"Ku bari in ƙarasa, 'ya'yana, saura uku!"

Ban san me suka gani a fuskarsa ba. Suka ja baya. Ya ƙarasa.

A ranar aka kore shi. Buhuna masu lamba uku suka dawo ba tare da kowa ya ce uffan ba. Hannun damansa har yau ba ya dunƙulewa.

Duk Asabar nakan ɓoye faifai ɗaya daga masana'anta a jaka in kai masa. Inna, matarsa, ta riƙe masa da awartaki tana mita, shi kuma ya ɗaga guduma da hagu.

"Matsa baya, 'yar boko. Bari mu ji me suka dafa."