Kai Baba Jalingo don rantsuwa

Ana idar da sallar asuba muka fito daga gida a Bali, ni da mahaifina, ƙasa a jiƙe sharkaf da ruwan da aka kwana ana yi. Masu tambayar ina na shige kwana biyu, ga amsarku. Jalingo na je, kuma ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, kotu ce.

Bari in fara da dalili. Muna da babbar mota guda, tsohuwa, wadda nake kai masara da doya kasuwanni da ita. Da ita nake ciyar da gidana, da ita yara ke zuwa makaranta. Watannin baya jami'an wata hukuma ta tarayya suka tsare ta a hanya, suka ce ba su gamsu da takardunta ba. Muka ɗauki wata lauya, ta shigar mana da ƙara a kotun tarayya da ke Jalingo, tunda can ake kai rigima da irin waɗannan hukumomi. Muna jiran zaman ranar Alhamis sai labari ya iso mana cewa motar na cikin waɗanda za a yi gwanjonsu mako mai zuwa. Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Lauya ta ce akwai mafita, za a roƙi alƙali ya dakatar da gwanjon har a gama shari'a. Su lauyoyi moshan suke ce wa wannan roƙo. Ni na ɗauka miƙewa za ta yi ranar Alhamis ta marairaice wa alƙali, ashe kotun ba ta jin roƙon baki haka kawai. Sai an rubuta shi, an haɗa shi da takardar rantsuwa ta wanda ya san maganar, an ɗora hujjojin lauya a rubuce, an shigar a ofishin rajista, sannan a kai wa ɗaya ɓangaren nasu kwafin, a kuma bar musu tazara kafin ranar zama. Ta ce in Litinin ta wuce ba mu shigar ba, mu manta da Alhamis. Na tambaye ta ko ni zan iya rantsewa. Ta ce ba a hana ba, amma mallakar motar suke musu a kai, sunan Baba ne a takarda, kuma lokacin da ya saye ta ina ɗan makaranta, duk abin da zan faɗa ji kawai na yi.

Nan matsalar take, domin na san wanda ya haife ni. Baba bai taɓa dafa Alƙur'ani a kan abin duniya ba. Ina yaro aka yi shari'a da shi kan rumfarsa ta kasuwa, kowa a garin ya san tasa ce, amma da alƙali ya juyo masa da rantsuwa sai ya ɗauki takalmansa ya fito, ya bar wa mutumin rumfar. Ya ce Littafin Allah ya fi ƙarfin rumfa. Da na kawo masa maganar Jalingo sai ya ce, "Allah ya kai mu Litinin ɗin." Bai ce zai yi ba, bai ce ba zai yi ba, ni kuma ban ga fuskar sake tambaya ba. Ita ma lauyar ban gaya mata ba, don tsoron kada ta ce to shi ke nan.

Ranar Litinin ɗin, a tasha muka tarar kuɗin mota ya sake tashi, an ce saboda mai, kamar dai kullum. Aka ɗura mu a ƙaramar mota har da buhun gyaɗa a ƙarƙashin ƙafafunmu. Baba ya riƙo wata baƙar jaka, ɗan kamasho ya miƙo hannu zai jefa ta a baya, Baba ya yi masa wani kallo, sai ya janye hannunsa da sauri. A cinya ya ɗora ta, ya rungume da hannu biyu. Na ɗauka magungunansa ne da tufafi, ban kula ba, hankalina yana wani wuri.

Hanyar Bali da damina sai wanda ya bi ta. Ramukan duk sun cika da ruwa, ba ka sanin zurfin rami sai kanka ya bugi rufin mota. Amma ƙasar da kyau take. Duwatsu sun yi kore shar, masara ta yi bunni dama da hagu, Fulani mata na tafe a gefen titi da ƙoren nono a ka. A wata rana daban da na ɗauko muku hotuna. Ranar fuskar Baba nake satar kallo, ina neman alamar abin da ya yanke. Bakinsa na motsi a hankali, idonsa na kan hanya.

A Garba Chede muka tsaya karin kumallo. In kun bi ta nan ku nemi kunun gyaɗa da ƙosai mai zafi, ba za ku yi da-na-sani ba. Doya kuwa tuli-tuli a bakin titi, da arahar da sai da ta tuna mini cewa da motata na hannuna da yanzu ina lodi. Na kawo wa Baba kunu, ya girgiza kai. Mutumin da ba ya wasa da abincin safe! Na ce a raina fushi yake da ni, na jawo shi a tsufansa zuwa abin da ya guje wa duk rayuwarsa. Ni ma sai kunun ya fita raina.

Mun ɗan wuce garin muka tarar da wata babbar mota ta kafe a laka ta tare hanya, motoci sun yi layi. Fasinjoji suka firfito, kowa ya zama injiniya. Wani na ihu da Fulatanci, wani na amsa masa da Mumuyanci, duk kuma ana zagin direban da Hausa. Ni rana nake kallo tana hawa, ina tuna cewa ofishin rajista ba ya jiran kowa. Na naɗe ƙafar wando na shiga cikin masu turi, ba don tausayin direban ba, Allah ya sani. Da aka samu ta fita na dawo da laka har gwiwa, Baba yana zaune inda na bar shi, jaka a ƙirji.

Mun wuce Sunkani, duwatsun Jalingo suka bayyana, hantsi ya riga ya dubi ludayi. Muka hau keke mai ƙafa uku zuwa ofishin lauya a unguwar Turaki. Wanda ya saba da Hausar Kano in ya zo Jalingo sai ya gyara kunne, don nan kowa da tasa, kuma ana fahimtar juna sarai. Lauyar ta taso da fara'a ta ce, "Sannu Baba, ka zo lafiya? Kar ki damu, wannan abu ba ya da wuya." Baba da aka ce wa "ki" ko gezau bai yi ba, ya amsa gaisuwa ya zauna.

Ta zauna da shi tana tambaya yana ba ta amsa: inda ya sayi motar, wanda ya sayar masa, takardun da aka ba shi. Ni na tsoma baki na ce a rubuta cewa wannan zalunci ne tsagwaronsa, kuma muna roƙon alƙali ya dubi Allah. Ta yi dariya ta ce takardar rantsuwa ba ta ɗaukar zagi, ba ta ɗaukar roƙo, ba ta ɗaukar gardama. Abin da mutum ya sani kawai ake sawa, sauran aikinta ne a nata rubutun. Ana shirin bugawa aka ɗauke wuta, sai da na ruga shagon buga takardu na kusa, mai shagon kuma ya tsaya lallashin janareto kamar jariri.

Azahar ta gota muka shiga harabar kotu. Wuri ne tsaf, shiru, ko tari ka yi sai ka ji kunya, balle ni da busasshiyar laka a wando. Aka nuna mana ofishin mai rantsarwa. Tun daga ƙofa na hango abin da nake tsoro: a kan teburi ga Littafi Mai Tsarki na Kiristoci, ga Alƙur'ani a naɗe cikin kyalle, ga buta a bakin ƙofa don mai bukatar alwala. Wata mata da ke gabanmu ta ɗaga nata littafin ta rantse ta fita. Na fara ganin Baba ya ɗauki takalmansa ya fito, na fara ganin motata a hannun wani.

Da yake Baba ba ya karanta Turanci, ƙa'ida ta ce sai an karanta masa takardar da harshen da yake ji, a rubuta a ƙasa cewa an yi hakan, tafinta ya sa hannu. Aka kira wani ma'aikaci ya bi ta layi-layi da Hausa, Baba na cewa haka ne. Da aka zo ƙarshe na ga hannunsa ya tafi kan zif ɗin jaka. Sai mai rantsarwar, wani dattijo mai tabarau, ya ɗago ya ce, "Baba, za ka dafa littafi ne, ko za ka faɗa da bakinka cewa ka tabbatar gaskiya ce? Doka ta karɓi duka biyu."

Baba ya tsaya yana kallonsa. "Akwai wannan?"

"Akwai. Wanda addininsa ko zuciyarsa ba ta ba shi ya rantse ba, sai ya tabbatar. Amma in ƙarya ce hukuncin ɗaya ne."

"Wannan ba komai," in ji Baba. Ya sauke hannunsa daga kan jakar, ya ɗaga shi sama, ya maimaita abin da aka faɗa masa da murya garau. Aka ba shi biro ya rubuta sunansa da ajami, aka buga hatimi. Mu duk a saninmu rantsuwar kotu dafa Alƙur'ani ce, ba mu taɓa jin akwai wata ƙofa ba. Da na gaya wa lauya abin da na ƙunsa tun daga Bali, ta riƙe baki ta ce, "Kai! Shi ne ba ka tambaya ni?"

Da gudu-gudu muka shigar da takardu kafin a rufe rajista, masinjan kotu ya kai wa ɗaya ɓangaren nasu a yammacin. Na sauke Baba gidan gwaggona a Nukkai, inda ya cinye tuwon masara da miyar kifi har ya nemi ƙari, ni kuma na wuce wurin wani abokina ta wajen Kona.

Ranar Alhamis zaman bai kai tsawon shan shayi ba. Lauyan hukumar ya ce an kawo musu takarda, amma ƙa'ida ta ba su lokaci su rubuto amsa, kuma suna so. Gwanjo kuwa ba zai jira amsarsu ba. Lauyarmu ta miƙe ta tuna wa kotu haka. Alƙali ya ba su lokacinsu, sannan ya ce kada kowa ya taɓa motar har sai ya saurari roƙon. Ba a ba mu mota ba, shari'a na nan gaba, amma ba za a sayar ba. A wajen kotu na yi ajiyar zuciyar da na riƙe tun daga gida.

Washegari muka kamo hanyar Bali. Baba ya sake ɗora baƙar jakar a cinya. Bayan mun wuce Garba Chede, inda wannan karon ya sha kunu kofi biyu, na ce cikin wasa, "Baba, wai me ke cikin jakar nan da ko ƙasa ba ta taɓawa?" Ya ɗan zuge zif ɗin. Tsohuwar gafaka ce ta fata, na gane ta nan take: Alƙur'anin kakanmu, rubutun hannu, wanda ya taho da shi daga Kano, wanda bai taɓa fita daga ɗakin Baba ba tun da na yi wayo.

"Na ce in dole ne sai na dafa, to in dafa na gidanmu," in ji shi.

Na ce, "Amma Baba, ka bar rumfa a kan wannan."

"Rumfa tawa ce. Wannan abincin 'ya'yanka ne."

Ya rufe jakar ya mai da ido kan hanya. Ni kuma na juya fuskata wajen taga, na daɗe ina kallon masara don kada sauran fasinjoji su ga idona. Duk tsawon hanyar zuwa ina zaton fushi yake da ni, ashe tun daga gida ya gama yanke shawara, nauyinta ne ya hana shi cin abinci.

Mun iso Bali gab da la'asar. In akwai abin da zan ce wa mai shirin zuwa kotu, shi ne ya fito wa lauyansa da abin da ke cin ransa tun da wuri, don ƙa'idojin nan da ke ba mu tsoro wani lokacin sun riga sun yi tanadin irinmu. Amma ba wannan ne babban abin da na dawo da shi ba. Muna shiga gida yarana suka rugo suna tambayar ina mota. Baba ya shafa kansu ya ce tana nan zuwa in Allah ya yarda. Sannan ya wuce ɗakinsa, ina kallonsa daga tsakar gida, ya mai da gafakar kan ƙusar da take rataye shekara da shekaru.