Bidiyon ɗan fari a cikin saba

A wani ofishi da ke GRA, ni ne mai kula da saba, wato babbar kwamfutar da aikin kowa yake kwana a cikinta. Da hannuna na raba ma'ajiyarta gida uku: ɗaya na injin kansa, ɗaya na takardun aiki, ƙarami kuma na ajiyar wucin gadi. Kullum ina yi wa mutane masifa kada su zuba tarkacensu a ƙaramin nan, don in ya cika komai tsayawa yake.

To amma wayata ta cika da bidiyon ɗana na fari. A gidanmu na Fulani, uba ba ya ɗaukar ɗan fari a gaban mutane, ko sunansa ba ya kamawa. Ni kuwa da na ga ɗaki ba kowa sai in ɗaga shi sama, in yi ta rawa kamar wawa. Na kwashe bidiyon duka na zuba a wucin gadi, na goge na waya, wai kafin in sayi filashi.

Wata Litinin saba ta tsaya cak. Shugaban ofishin Baffana ne, ƙanin mahaifina. Ya tara mu, ya ce a nuna masa abin da ya cinye wurin. Wata abokiyar aikina 'yar Kudu, mai saurin hannun tsiya, ta buɗe bidiyo mafi girma a babban allo.

Innalillahi! Ga ni tsirara rabin jiki, ina tsalle, ina rangaɗa sunan yaron.

"Oga, ashe ka iya rawa!" in ji ta, tana dariya da zuciya ɗaya. Ba ta san me ta ɓallo ba.

Baffa bai yi dariya ba. Ya kawar da kai, ya ce, "Wannan na aiki ne?"

Da na ce a ba ni minti biyar in kwafe, wallahi ba mai hana ni. Amma yaya zan nuna a gabansa cewa abin ya dame ni? Kunya ta rufe ni. Na ce, "Shirme ne, Baffa." Na ja kujera na goge su da kaina.

Saba ta tashi, kowa ya koma tebur. A cikin bidiyon da na goge har da na ranar da yaron ya fara tafiya, kuma ba ni da wani kwafi.