Ƙeyar Yaya a Bakin Dam

Ban taɓa ɗaukar wani mahaluki hoto kamar yadda na ɗauki yayana ba, amma ranar da aka ce in kawo fuskarsa sai na rasa.

Ni ba mai hoto ba ne. Cajin waya nake yi a wata 'yar rumfa kusa da tashar Jibiya, inda motocin Maradi ke lodi. Wata waya mai kyamara mai kyau ta faɗo hannuna, shi ke nan cutar ta kama ni. Da farko abin da ke gabana nake ɗauka: jarkokin fetur ɗaure a bayan babur, manyan motoci a jere suna jiran hanya, mai shayi ya ɗaga kofi sama yana tsiyayawa. Da ido ya buɗe sai na raina tsayawa gaban mutum a ce masa ya yi murmushi. Wannan aikin masu hoton biki ne, ni kuwa a ganina na wuce nan. Sai in kwanta rub-da-ciki in ɗauki tayar mota, ko in haye buhunan gero in ɗauko kawunan 'yan kasuwa daga sama. 'Yan tasha suka ce a kai ni a yi mini ruƙiyya, ban ko kalle su ba.

Yaya masunci ne a dam. Shi ne babba a ɗakinmu, mutum ne da sai ka yi magana goma bai mayar da ɗaya ba. Duk ranar da kasuwa ta yi sanyi nakan ja rumfa in bi shi bakin ruwa.

"Kai dai ba ka da aikin yi," in ji shi. "Kihi za ka kama da wayar ga?"

Bai hana ni ba, bai kuma taɓa tsaya mini ba, hakan ma ya fi mini. Na ɗauke shi ta baya yana jefa birgi, ragar ta buɗe a sama kamar faifai. Na kwanta cikin taɓo na ɗauki ƙafafunsa da gorar da yake hawa ya shiga ruwa. Na sa rana a gabansa ya fito baƙi wuluk, inuwa kawai. Na ɗauki hannuwansa suna zare tarwaɗa daga raga, na hau tudun dam na ɗauko malfarsa daga sama. In ya waiwayo kuwa har faɗa nake yi masa: "Haba Yaya, juya mana, ka ɓata mini hoto!" Sai ya yi tsaki ya juya.

Shekarar da kifi ya yi ƙaranci, tsallaken dam kuma ya gagari kowa saboda 'yan bindiga, sai Yaya ya koma zuwa su a tafkin Madarumfa, cikin Nijar. Yakan yi 'yan kwanaki ya dawo da kwandon banda. Iyaka a rufe take a lokacin, don haka ta ɓarauniyar hanya 'yan babur ke bi da shi. Wata tafiya ya tafi bai dawo ba. Wayarsa a kashe. Masuntan can suka ce ai ya yi sallama da su tuni, ya kamo hanyar gida.

A yankinmu babu kiran da ake tsoro kamar kiran mutanen daji. Mu sai ga mu muna roƙon Allah su kira, don wanda aka kira a kansa yana da rai. Babu wanda ya kira.

Na je ofishin 'yan sanda na kai rahoto. Jami'in da na tarar ya ce in kawo hotonsa a baza. Katin zaɓensa da na ɗan ƙasa suna aljihunsa, sun tafi tare da shi. Matarsa 'yar ƙaramar waya mai tocila gare ta. Amma ni ko a jikina, har da cewa, "Hoto kam, yallaɓai, ai gidansa aka zo." Na zauna kan benci na buɗe hotunan wayata na fara turawa da babban yatsa. Na tura, na tura. Jami'in ya gaji da jira ya leƙo.

"Malam, wannan ai ƙeya ce. Ƙeya za mu nema?"

Na koma gida. Inna tana kunyar ɗan fari, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba, ko tuwo za ta aika masa sai ta ce a kai wa wancan. Ranar ta miƙo hannu ta ce, "Nuna mani wancan." Kowane hoto na buɗe sai ta ce shi ne. Ta gane shi a inuwa, ta gane shi a ƙafa. Da muka kai ƙarshe ta ɗago ta dube ni.

"To ina huskar?"

Na fita bayan gida na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da Baba ya rasu.

Daga nan na zama kamar mahaukaci. Akwai hoton da na ɗauki inuwar fuskarsa a cikin ruwa, na yi ta buɗa shi da yatsu har ya dagargaje ya koma dabbare-dabbare. Na bi gidajen da aka yi suna da ɗaurin aure, na samu hoto guda da aka ce yana ciki, ashe wani ƙato ya tare shi, hularsa kaɗai ta fito. Duk wanda ya kawo caji sai na roƙe shi ya duba wayarsa, ko Allah ya sa ya taɓa ɗaukar masunta. Wasu suka daina kawo mini caji. Ina jin haushin wayar, ina jin haushin Yaya da bai taɓa yi mini gardama ya ƙi juyawa ba. A gida kuwa maƙwabta in sun shigo sai su rasa gaisuwar da za su yi, wasu su ce Allah ya bayyana, wasu bakinsu ya suɓuce su ce Allah ya jiƙansa. Matarsa tana zaune, ita ba mai takaba ba, ita ba mai miji ba.

Ana nan sai wani ɗan babur mai safarar fetur ya tsaya a rumfata. Ya ce a wani ƙauye gaba da Magama, an ɗan shiga Nijar, manoma sun tsinci gawar wani mutum a gefen hanya, wajen lokacin da Yaya ya ɓata. An tuɓe shi, daga shi sai gajeren wando. Ba su san shi ba, suka yi masa sutura a ranar. Ko rumfar ban tsaya rufewa ba na haye bayansa.

Limamin ƙauyen ne ya yi wankan. Dattijo ne, na same shi gindin bishiyar bedi yana tufka igiya. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Ni na wanke shi da hannuna," ya ce. "Huskatai lahiya lau take, ba abin da ya taɓa ta. In na gan ta ina shaida ta."

Na ce dogo ne, baƙi, da ɗan gemu. Ya ce rabin mazan ƙasar ke nan. Na miƙa masa wayar ina turawa, yana kallo a natse. Birgi, gora, malfa, inuwa. Na tsaya a kan hoton hannuwan.

"Baba, dubi hannun nan. Don Allah duba da kyau."

"Hannun mai wahala ne. Wancan ma hakanan nashi yake. Manomi da masunci duk ɗaya."

"To bayan fa? Ga bayansa nan ba riga, ga kafaɗunsa."

"Ɗana, ba a kihe gawa. Gefe da gefe muka juya shi, muna zuba ruwa. Ban tsaya kallon bayanai ba."

Na cire hulata na tura fuskata gabansa, na ce ya dube ni, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ya dube ni ya daɗe, ya ce bai ga kama ba. Wannan bai gaya mini komai ba, don ni Inna na ɗauko, Yaya kuwa Baba ne sak. Na kama gefen rigarsa, na ce ya faɗi wani abu, ko me ya zo bakinsa zan karɓa in kai gida.

"In ce shi ne, matatai ta shiga takaba alhali mijinta na raye? Ba ni ɗaukar wanga alhaki. Ka samo mani huska, ko da daɗewa, ina nan."

Ya raka ni maƙabartarsu ya nuna mini kabarin, an jera masa ƙaya saboda karnuka. Na ɗaga hannu na yi addu'a, ban san wa nake yi wa ba.

La'asar ta yi sanyi muka shigo gari. Labari ya riga ni isa gida. Na tarar maƙwabta sun kawo tabarmin zaman makoki, suna naɗe, an jingina su jikin bangon zaure, Inna na tsaye a bakin ƙofa, wurin da ba ta taɓa tsayawa ba.

"A shimhiɗa?" ta ce.

"Ban sani ba, Inna."

Matar Yaya tana bayanta. Ta riga ta cire 'yan kunnenta, tana riƙe da su a tafin hannu. Ta dubi Inna, ta dube ni, sannan ta buɗe hannun.

"To ni in maida su, ko in aje?"