Saƙon da Na Riƙe wa Kawu Mamman

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Kawu Mamman makwancinsa a nan Makka. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan ɗauki biro in fara jero halayensa na kirki, sai in ajiye. Yabon Kawu ba aiki ba ne, kowa a unguwarmu ta Hindawiyya zai iya. Abin da ya gagare ni rubutawa shi ne nawa kason a labarinsa, don ba kason arziki ba ne.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ya zo Hajji daga Kano ya zauna, bai taɓa mallakar iƙama ba, wato takardar izinin zama. Ni a nan aka haife ni, takarduna cif saboda mahaifina. Da mahaifin nawa ya rasu, Kawu ne ya riƙe ni, shi ya matsa mini sai na koyi Turanci. Shekara ashirin da biyu yana dakon kayan alhazai a wani ƙaramin otal a unguwar Tandabawi, kuma da bakinsa aka ɗauke ni tafinta a wurin. Sai dai ni, ɗan boko mai sabuwar riga, ban taɓa gaya wa manya cewa kawuna ne ba. Tsoro nake kada a haɗa ni da marasa takarda.

Da wani kamfani ya karɓi otal ɗin, aka kawo mana sabon mudir, wato manaja, mutumin Latbiya, ƙasar da sai da na lalubo ta a taswira. Ya musulunta ya ɗauki sunan Yusuf, ya yi karatu a Ingila, Larabcinsa kuwa iyakarsa salla. Ni na zama bakinsa.

Wata safiya umarni ya zo daga sama cewa duk marar iƙama ya tafi. Mudir ya kife takardar sunayen a kan tebur, ya sa aka kawo mana shayi, yana ta jan lokaci. Ya ce shi bai ga matsorata a kan wannan magana kamar Turawan Ingila ba. Ba sa iya cewa sun kori mutum. Sai su ce an ba shi buhu, ko an ba shi takalmi, ko an nuna masa ƙofa, sai ka ce ya manta inda take. Wani lokaci ma su ce an sake shi, kamar shi ya roƙa. Ya ce su a Latbiya cewa suke an ba shi fasfon kyarkeci, takardar da ba gidan da zai buɗe wa mai ita. Ya tambaye ni namu. Ni kuwa abin nema ya samu, na shiga baje koli: an sallame shi, an raba gari, an yi waje da shi. Ina fassara masa muna ta dariya. Sannan ya juyo takardar. Sunan Kawu ne na huɗu.

Da Kawu ya shigo, mudir ya miƙe tsaye ya ce da ni, “Wannan dattijo ba buhu ba takalmi. Gaya masa a fili: aikinsa ya ƙare yau, ba za mu iya mayar da shi ba, kada ya jira mu. Ka ce ina ba shi haƙuri.”

Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ban so zama maratayi ba. Na kafa ido a kan kofin shayina na ce, “Kawu, ya ce a ɗan huta tukuna, jawazat masu kamen marasa iƙama sun matsa. Idan ƙura ta lafa za a kira ka.”

Kawu ya dube ni, ya dubi mudir, ya ce, “Ɗayyib, shi ke nan. Ka ce masa na gode.”

A lokacin na gaya wa kaina tausayi ne. Ƙarya nake. Kaina na tausaya wa, kuma Bature da buhunsa ya fi ni gaskiya, don shi aƙalla mai buhu ya san an kore shi.

Al'adarmu ce duk Juma'a bayan an sauko daga Harami in je ɗakinsa mu ci abinci. Sai an kusa suɗe kwano zai ce, “Habibu, sun yi magana kuwa?” In ce, “Tukuna, Kawu.” Ya ce, “Allah ya kai mu.” Magana zarar bunu ce, da na zare ta farko sauran suka yi ta bi. Lokacin Hajji ya je Mina ya yi dako cikin rana tare da sa'o'in jikokinsa. Wata Juma'a ya ce mini wani abokinsa ya samo masa gadin sito a Jidda, aiki na zaune. “In tafi ne, ko kana ganin za su kira?” Na ce, “Yadda ka gani, Kawu.” Bai tafi ba. Wata goma sha huɗu muka yi a haka, har ciwon ƙirji ya kwantar da shi kwana shida, Allah ya karɓi abinsa.

Ranar uku mudir ya zo ta'aziyya, don zuwa lokacin ya ji dangantakarmu. Ya zauna kusa da ni a kan tabarma, yana yabon Kawu, har ya ce bai manta dawowarsa washegarin sallamar ba. Na ce wace dawowa? Ya ce ai ya zaci na sani. Ashe Kawu ya koma da wani direba ɗan Sudan mai jin Turanci, ya nemi a maimaita masa maganar, aka maimaita masa tiryan-tiryan. Da zai fita ya roƙi alfarma ɗaya. Ya ce kada a ga laifin tafinta, ɗansa ne, bakinsa ne ya yi nauyi.

Ban san yadda na tashi daga tabarmar nan ba. Kunya ta rufe ni, irin wadda ba a yi wa wanka. Duk Juma'ar da ya tambaye ni, ba labarin otal yake nema ba, ya riga ya san shi. Ni yake jira. Har yau ban san abin da ya hana shi zuwa Jidda ba, ko rabuwa da Harami ce ba ya so, ko gudun kada ya ƙaryata ni a idon mutane.

Yau an rushe otal ɗin, an kafa wani dogo mai gilashi a wurin. Korar ma ta sauya. Mutum zai tashi da safe ya ga saƙo a waya, ana gode masa da gudummawarsa, ana yi masa fatan alheri, babu ko sunan wanda ya aiko. Da Kawu na nan, na san sai ya sa an karanta masa sau biyu, sannan ya tambaya, “To wa zan ce wa na gode?” Shi a wurinsa ko mugun labari yana da haƙƙin a kawo shi da ƙafa, a zauna, a dubi mutum.

Ni ne yanzu ke riƙe da ma'aikata a wani otal ɗin. Idan sallama ta kama, nakan kira mutum in faɗa masa da harshen da ya fi ji, ba kwana-kwana. Wasu sun zage ni, ɗaya ya yi shekara ba ya amsa gaisuwata. Abokan aiki suna cewa ina da ƙarfin zuciya. Ba su san na aro ne ba, kuma mai shi, Kawu, ya biya da tsada.

Kawu bai bar gida ba, bai bar takarda ba, ko kabarinsa ba zan iya nuna muku ba, don a nan ba a sa alama. Abin da ya bari shi ne haƙurin da ya yi da ni, ya rufa mini asiri a gaban wanda ya kore shi, ya ci gaba da ajiye mini naman da ya fi laushi a gefen kwano. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Saura saƙon da aka ba ni, wanda har yau ban isar ba.

Kawu, sun kore ka. Sun ce kada ka jira. Ni aka aiko.