Dutsen da Mama Phebe Ke Haɗiya

Duk wanda ya saba bi ta Wulari ranar Alhamis da yamma ya san hannun Mama Phebe, ko da bai san fuskarta ba. Ita ce mai babban tulu a zumuntar matan cocinsu, tulun nan da ake dukan bakinsa da soso ya yi gunji har cikin ƙirjin mutum. Tun tana budurwa a gindin duwatsun Gwoza take bugawa. Shekarar da rikici ya watsa mutanen Gwoza ta iso Maiduguri da zanin jikinta, ta sauka wurin 'yarta Dorothy, malamar firamare. Garin bai taɓa kwanta mata ba. Ƙasa a shimfiɗe kamar tabarma, yashi ko'ina, babu dutse ko ɗaya da ido zai huta a kansa. Sai ta shige ɗaki ta saki labule, ba ta fita sai in coci za ta.

Wata safiya santsi ya kwashe ta a bakin famfo, ta dafa ƙasa, wuyan hannu ya ce ƙas. Faɗuwar da ko yaro ba zai yi wa kuka ba! A asibiti aka ɗaure hannun, likita ya ce ƙashinta ya yi sakayau, ya ba ta ƙwayoyin kalsiyam masu ƙarfafa ƙashi, manya farare, ya kuma hana ta kiɗa sai ƙashin ya yi ƙwari. Tulu ya koma hannun Margaret, mace mai kirki, Allah ya sani, sai dai kiɗanta kamar ana dakan gero. Mama Phebe kan zauna can baya, abin yana cin ranta. Tsoro take ji ƙwarai kada ta mutu ba ta sake bugawa ba.

Ba ƙin maganin ta yi ba. Sha take, amma irin shan mutanen gida. A wurinsu da sassafe ake shan jiƙo, ciki wayam, don kada tuwo ya tare masa hanya. Haka ta yi wa ƙwayar. Ta safe da ta yamma kuma sai ta haɗa su ta watsa baki, ta zauna da yunwa har rana ta take, wai tana ba magani fili. Wata ya bi wata, likita yana duba hannun yana girgiza kai.

Ranar da ta je sayen wata kwalbar maganin, Nwakaego mai kemis ɗin bakin titi, wadda ta karanci haɗa magunguna, ta tambaye ta yadda take sha. Da ta ji, sai ta dafe kai.

"Haba Mama! Wannan irin, farin dutse ne fa aka niƙa. Ciki ba ya narka shi sosai sai da abinci, lokacin ne yake fito da ruwan tsaminsa. Kuma jiki kaɗan-kaɗan yake ɗauka, in kin zuba biyu sauran wucewa zai yi. Ɗaya da kunu, ɗaya da tuwo. Ki riƙa shan hantsi kuma, rana na taimaka wa hanji ya ja shi zuwa jini."

Mama Phebe ta juya ƙwayar a tafin hannunta. "Dutse kika ce, 'yata?"

"Dutse, Mama."

Daga nan aka ɗaga labule. Kullum da hantsi sai ta fito da kujerarta tsakar gida, ta sha kunun gyaɗa, ta haɗiyi ƙwaya ɗaya, ta miƙa hannun ga rana ta lumshe ido. Tana ganin dutsen yana narkewa a cikinta, yana bin jini sannu a hankali, yana gangarawa kafaɗa da gwiwar hannu har ya sami tsagar ya zauna. Daga nan sai hankalinta ya tafi gida, Gwoza. Ga awaki a kan fako, ga gonar dawar babanta hawa-hawa a jikin tsauni, ga uwarta tana niƙa tana waƙa. Dorothy kan dawo daga makaranta ta same ta tana murmushi ita kaɗai, yatsunta suna motsi a kan cinya.

Ba da wuri sauƙin ya zo ba. Damina ta wuce, aka yi Kirsimeti da kiɗan Margaret. Sai gab da Ista likita ya murza hannun ya ce ta gwada, amma a hankali.

Ran Alhamis Margaret ta miƙa mata soson da kanta. Bugun farko bai kai ƙarfin na da ba, ko kusa. Amma matan sun gane shi, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, waƙa ta tashi. Mama Phebe ba ta buɗe ido ba har aka gama.

A hanyar gida Dorothy ta riƙo hannun. "Mama, ya yi zafi?"

"Ya yi," in ji ta. "Amma na je gida na dawo."