Kanwa a Naman Kaza

Damina biyu bayan rasuwar maigidana, shekarar da haƙorina na gaba ya fita, wata Hajiya ta buɗe gidan noman naman kaza a bayan Rigachikun. Can garinmu ba mai ci, laimar kwaɗi muke ce masa. Ita kuwa busar da shi take a inji, tana kai wa manyan kantuna.

Ni ce babbar masu yanka. Aikin ba wuya: a goge da tsumma, a yanka sirara, a tsoma a ruwan lemun tsami, a tsane, a baje falle ɗaya a faranti. In sanyin firiza ya kama shi da sauri, injin ya zuƙe ƙanƙarar, sai ya fito fari, ba nauyi, kamar auduga. In aka cunkusa, ya fito a yamutse. Nawa bai taɓa yamutsewa ba.

Sai ga wata bazawara daga Zamfara da goyonta. Hajiya ta ba ta ɗakin ajiya ta kwana, ta ce gwajin mako guda ne, in hannunta bai yi ba ta tafi.

Yarinyar akwai son burgewa. Ranar da lemu ya ƙare, ta kwance bakin zaninta ta ciro kanwa, ta jiƙa nata a ciki, wai haka suke wa kuɓewa. Ta tula a faranti har da tozo.

"Baba, ya yi?" ta tambaye ni.

"Ke da kika zo da ilimi daga daji, ni za ki tambaya?"

Da aka buɗe inji, nata baƙi ƙirin, kamar kashin awaki. Hajiya ta jera farantina kusa da nata, ta tara mu.

"Ɗauki ki ci," ta ce wa bazawarar.

Ta ci. Tana tauna tana hawaye, muna dariya.

"Ƙara. Ai kayanki ne," in ji Hajiya.

Sauran aka ƙulle mata a leda, Hajiya ta ce guzuri ne. Kafin la'asar an sa wa ɗakin kwaɗo. Na hango ta bakin titin Zariya da goyo, ledar a hannu, ba ta yar ba.

Yanzu Hajiya ta rasu, injin ya yi tsatsa. Cikin masu yanka saura ni da wata kurma a Kinkinau. Bazawarar, an ce an gan ta tana tallan ƙuli a Abakpa. Ban je na duba ba.