Husufin da Na Kalla Ni Kaɗai

A Gure, lokacin da nake koyar da kimiyya a kwalej, "Mushe mai taurari" ake ce mini, wato malam mai taurari, kuma ba yabo ba ne. Na haɗa madubin hangen sama da bututun ruwa da gilasan tabarau, amma duk wanda na ce ya zo ya leƙa, sai ya tuna dabbobinsa na jiransa.

Da rediyo ta ce za a yi husufin rana, na ce to, faɗuwa ta zo daidai da zama. Burina bai wuce ɗalibaina su gani da idonsu ba, ko sau ɗaya, cewa abin da nake faɗa musu ba tatsuniya ba ce. Na bi masu walda ina roƙon baƙin gilashi, har kowane ɗalibi ya samu nasa.

Ranar, da hantsi, muka taru a filin lakwal, makarantar tamu. Wata ya fara gutsurar gefen rana, yara na ta shewa. Sai ladan ya kira sallar husufi, cikin gari kuma aka hau buga kwanoni. Iyaye suka zo kwasar 'ya'yansu. Wani dattijo, wanda ɗansa ya fi kowa tambaya a ajina, ya kama hannun ɗan ya ce mini, "Mushe, rana na cikin wahala, kai kuma 'yan kallo ka tara mata?"

Salla ce, wa ya isa ya hana? Ɗaliban suka ajiye gilasan a kan benci suka tafi.

Haske ya koma kamar na fitilar da kananzir ya ƙare mata. Iska ta yi sanyi, kajin mai gadi suka nufi akurki. A ƙarƙashin bishiyar bedi, hasken da ke ratso ganye ya zama ƙananan jinjirin wata, birjik a kan yashi. Na juya da ƙarfi na ce, "Ku duba ƙasa!" Ba kowa. Ban taɓa jin kaɗaici irin na lokacin ba.

Bara na haɗu da ɗan dattijon a kasuwa, ya zama magidanci, yana sayar da taki. Bayan gaisuwa ya ce, "Mushe, wai ranar nan, yaya ta kasance?"

Ni da na tsufa ina yi wa mutane bayani, sai na rasa ta inda zan fara. Na ce masa, "Da ma ka gani."